Kukan Birkin Nomau Maɗori

Ku da kuka san Nomau, kun san bai taɓa shigowa gari da injin motonsa, wato babur, a kunne ba. Da ya iso kan dutse, daidai inda hanya ke karyowa zuwa garinmu, sai ya kashe shi, wai don me zai ƙona isansi, wato fetur, alhali Allah ya yi gangara kyauta. Daga nan har bakin rijiya birki kaɗai ke aiki. Shi kuwa birkin nan, wayyo Allah! Ƙiiiiiii! Ba ya numfashi, ba ya hutawa. Kaji su watse, karnuka su ɗauka, jariran da aka sha wahala aka lallaɓa su farka gaba ɗaya. Liman ma ya taɓa mance raka'ar da yake ciki.

In ka yi masa magana, amsarsa ɗaya ce:

"Ya tsaya ko bai tsaya ba?"

Ka ce ya tsaya.

"To, mi kuma kaka so?"

Ni Habsu taubashiyarsa ce, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma taubashi ai ba shi da girma, don haka abin da mutanen gari ke faɗa a bayansa, ni a gabansa nake faɗa, in ƙara da nawa. Kuma ba zan ɓoye muku ba, duk abin da ya biyo baya ni na jawo shi.

Moton nan ba sayensa ya yi ba, Nomau da saye! Bayan babban farin nan ne wani Nasara ya zo yana auna duwatsunmu, wai za a jera duwatsu a tare ruwa. Ya faɗi cikin wani kwazazzabo tsakaninmu da Tabotaki, hannu ya karye. Nomau ya gaji ɗori daga ubansa, shi ya ɗora shi da karan dawa da tsumma, hannu ya warke sarai. Da Nasara zai koma ƙasarsu ya bar masa moton. Irin na hawan duwatsu ne, siriri, mai dogayen ƙafafu, ba shi da wurin zama na kirki, a tsaye ake tuƙa shi. Nomau ya ɗaura masa akumarin jaki, amma bai taɓa zama a kai ba, wai a tsaye ya ga mai shi yana yi. Sai ka hango dattijo tsaye ƙiƙam, riga ta cika da iska, rawani na bin sa a baya.

Mun yi dariya, amma moton ya yi rana. Ƙauyukan da ke bisa dutse, har wajen Tamaske, ba su da maɗori sai shi. Da a kan jaki yake zuwa, kafin ya isa ƙafa ta kumbura ta zama turmi. Da moto kuwa, ka aika da hantsi, kafin azahar an ɗaure ka. Hanyar hawa da sauka guda ce tak, kuma ta gefen rijiyarmu ta bi.

Shi a wurinsa kukan birkin ma magani ne. Kun tuna Ɗan Bako, da ya faɗo daga gawo wajen sarar wa awaki ganye? Ya kwanta yana rantsuwa ƙafa ta karye biyu, ko juyi ba ya iyawa. Aka aika a kira Nomau daga bisa. Duk garin nan an san jan Nomau, in ya kama ƙafa sai ka kira sunan kakarka. Ana nan zaune sai ƙiiiiii daga kan dutse. Nomau ya shigo gida da jakarsa, tabarma wayam. Aka duba ɗaki, aka duba bayan gida. Can aka ji atishawa cikin rumbu.

"Sabko, Ɗan Bako," in ji Nomau. "Wanda yah hau rumbu ba karaya garai ba, targaɗe na. Ku gani? Birki ya yi rabin aiki, ko taɓa shi ban yi ba."

To, ni abin da ya haɗa mu jakina ne. Jakin nan ba ya tsoron kura, amma da ya ji birkin Nomau sai ya watsa ƙafafun baya sama. Sau uku yana zubar mini da tuluna a bakin rijiya. Na uku sababbi ne fil, ko ɗanɗana ruwansu ban yi ba. Ranar na tara matan gari, da wadda aka tayar wa jariri, da wadda akuyarta ta tsinke igiya, muka yi gayya sai ƙofar Maigari Alkasum. Aka kira Nomau, ya zo ya durƙusa yana murmushi kamar biki aka gayyace shi.

"Ranka shi daɗe," na ce, "ko dai moton ga, ko mu. Tuluna shidda!"

"Ranka shi daɗe," in ji shi, "a tambaye ta. Ya taɓa take ko ɗan tsako? Ya tsaya ko bai tsaya ba?"

"Ya tsaya, amma jakina bai tsaya ba!"

"Yo sai a sa ma jakin birki."

Maigari ya danne dariya da gefen rawani, amma shi ma yana da nasa haushin, don dokinsa ya taɓa kayar da shi gaban baƙi saboda kukan nan. Ya ce:

"Nomau, kwana bakwai na ba ka. In ba ka ruhe mai baki ba, hawa na yarda, sabkowa ta ban yarda ba."

"In hau in zamna can ke nan?"

"Kai kas sani."

Nan murmushin ya ɗauke. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ka ɗora mutanen da abin hawansu bai tsaya ba. Na san kamassu. Shiru ina nema, amma ba ni sayen shiru da tsayawa." Kowa ya san abin da hukuncin ke nufi. Moton da ba ya saukowa ba shi da amfani, mutanen bisa kuma sai su koma jiran jaki da kumburarriyar ƙafa. Na san haka sarai, amma a ranar tuluna kawai nake gani.

Kwana biyu yana zagaya moton kamar mai jinya. Ya ɗaure birkin da tsumma, birki ya yi kuka. Ya cusa masa auduga, ya yi kuka. Ya tofa masa addu'ar da yake tofa wa karaya, wallahi sai da kukan ya ƙara tsawo. Rana ta uku na biyo ta ƙofar gidansa, na tarar ya zare ƙafar gaba yana leƙen ciki. Akwai wani kwanon ƙarfe a tsakiyar ƙafar, cikinsa da fatu biyu masu tauri, in an matsa birki su ke buɗewa su kama kwanon. Bakina da ba ya zama lafiya ya ce:

"Kai da ka shahe gwiwat tsohi da man shanu in tana ƙara, shi moton ba ka da na shahwa mai? Ko rowa ta?"

Ya ɗago ya dube ni. Tunda nake bai taɓa ɗaukar shawarata ba, sai ran nan da ya kamata ya watsar.

"Habsu, ashe akwai abu cikin kan ga naki. Gaɓa ta, awo! Gaɓa in ta bushe dole ta yi ƙara."

Ya shiga ya kwaso man shanun matarsa Tsahara, ya shafe fatun nan gaba da baya, har yana murza su a hankali yadda yake yi wa marasa lafiya. Ya hau dutse don gwaji. Mu muna bakin rijiya muna kallo. Ya kashe inji, ya karyo. Shiru! Mata suka fara guɗa, ni har na gyara ɗaurin zane ina karɓar gaisuwa. Sai dai moton ƙara girma yake da sauri fiye da yadda muka saba. Muka ga bakin Nomau a buɗe.

"Ku kauce! Ku kauceee!"

Ya wuce mu fuuu, ya ratsa dangar lambun Maigari, ya nome kunya uku ta albasa, ya je ya dasa kansa cikin taɓon bakin kwatami. Aka sheƙe da dariya har da masu faɗuwa ƙasa. Aka zaro shi ba abin da ya samu sai albasa guda maƙale a rawani. Amma shi bai yi dariya ba. Yana kallon bakin hanya ne, inda matar ƙanena ke tsaye da goyo a baya, ta daskare. Taku biyu ya raba ta da ƙafar moton. Nomau ya cire albasar daga rawaninsa. Ya ce a hankali:

"Bai tsaya ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma na ji tsoro, don ni na ba da maganin. Da ƙafa ya tura moton gida, karnukan gari na biye suna lasar ƙafafun moton.

Kuna tsammani ya haƙura ya nemi sababbin fatu? Nomau ne fa. Ya jefa tsofaffin cikin tukunyar miyar Tsahara, ya zuba kanwa, ya dafa su yini guda wai man ya fita. Mako biyu duk miyar da aka yi a gidan warin moto take. Tsahara ta ce ko ya sayo tukunya ko ya auri moton ya riƙa yi masa tuwo. Da ya mayar da fatun ya gwada a fili, wani sa'in su kama, wani sa'in su zame. Ya ce wanda ke kamawa in ya ga dama ba birki ba ne. Saura kwana uku. Ya zare ƙafafun biyu, ya zo ƙofar gidana da sassafe.

"Ara man jakinki."

"Jakin da kah haukata?"

"Shi. Ke kib ɓata, shi ka ɗauka."

Haka jakina ya kai ƙafafun abokin gabarsa har Buza, daga can Nomau ya shiga kamyo, babbar motar kaya, zuwa Madawa.

Abin da ya faru a Madawa, daga bakin makaniken na ji, wani Isuhu, don shekara da shekaru yana ba da labarin ga duk wanda ya ce daga wajenmu yake. Ya buɗe kwanon, ya shinshina, ya ce:

"Baba, wa yay yi miya cikin birkin ga?"

"Wata taubashiyata. Bari wannan. Mi ka sa shi kuka?"

Isuhu ya nuna masa. Ƙurar dutsenmu ce ke taruwa cikin kwano. Fatun kuma sun goge sun yi santsi kamar bayan cokali, ga bakinsu ya yi kaifi, shi ke kartar ƙarfe yana rawa, rawar ce kukan. Maganin ba mai ba ne, mai ma shi ne babban abokin gaba. A wanke kwano tas da isansi a bar shi ya bushe, a kankare santsin ya yi kaushi, a sa magagari a ɗan kwantar da bakin fatar gaba da baya, tsakiyarta kuwa a bar ta da faɗinta, don ita ke kamawa.

"Ashe tsinin ƙashi na," in ji Nomau. "Ka ce man haka tun ɗazu."

"Amma waɗanga da sunka sha mai sun mutu, Baba. Sai sabbi."

Nan aka tsaya. Nomau ya ce a sake dafawa, Isuhu ya ce ko an kai su Makka. Suna cikin haka idon Nomau ya sauka kan ɗan yatsan Isuhu, wanda guduma ta taɓa karyawa ya warke a karkace. Ya cafke hannun yana jujjuyawa.

"Wane azzalumi yaɗ ɗora wanga? Kawo. In sake karya shi yanzu yanzu in miƙe maka, kyauta. Kai kuma ka ba ni hwatun."

Isuhu ya ce ya ja hannunsa, ya ji kamar a cikin awartakin maƙera yake. Ya ga dattijon nan ba wasa yake ba, har ya fara nannaɗe hannun riga. Ya yi kururuwa:

"Baba, ɗauki hwatun! Ɗauki har da magagarin! Ka bar man yatsana yadda Allah ya gan shi!"

Nomau har ya mutu yana cewa mutanen Madawa akwai kirki, sai dai ba su son lafiyarsu.

Ran kwana na bakwai gari duka ya fito bakin rijiya, Maigari a kan kujerarsa. Nomau ya ce ba ya gwaji sai an ajiye abu a tsakiyar hanya, kuma ba kowane abu ba, tulun Habsu. Guda ɗaya ya rage mini a duniya. Na ce ban yarda ba, Maigari ya ce ai ni na kawo ƙara. Na cika shi da ruwa na ajiye. Nomau ya hau dutse, ya kashe inji, ya karyo. Ba ka jin komai sai tsakuwa na tarwatsewa ƙarƙashin taya. Jakina ya ɗaga kai ya duba, ya ci gaba da cin karansa. Moto ya taho, ya taho, na rufe ido. Da na buɗe, taya na tsaye, tsakaninta da tuluna bai fi tafin hannu ba. Nomau ya sauko, ya ɗaga tulun ya sha, ya goge gemu.

"Ya tsaya ko bai tsaya ba?"

Gari duka ya amsa, "Ya tsaya!"

"Ya yi kuka?"

"Bai yi ba!"

"To Habsu, saura naki bakin. Kawo in sa mai magagari."

Na ci nasara ke nan, ko? Haka na zata. Ba a yi wata guda ba muka gane abin da muka yi wa kanmu. Inji a kashe, birki shiru, mutum sai dai ya juya ya ga Nomau tsaye a bayansa kamar aljani. Tulunan da aka saki don firgita sun fi waɗanda jakuna suka fasa. Tsahara da ta saba jin kukan ta tashi ta dama fura, yanzu sai ta ɗaga kai daga hira ta gan shi a tsakar gida yana jira. Amma ba wanda ya isa ya yi magana, ni kuwa balle.

Da damina ta faɗi, santsin bakin rijiya ya kwashe ni, na faɗi kan dutsen da ake ɗora guga. Na ji ƙas a ƙaurina. Aka ɗauke ni aka kwantar a zaure. Nomau yana bisa, can wani ƙauye wajen Tabotaki, aka tura mai doki. Tun hantsi nake kwance, ƙafa na hawa, kunnena na kan dutse. A da duk wanda ya karye a garin nan abu guda yake saurare. In ya ji ƙiiii, ya san an samu Nomau, ya san ya taho, ya san saura kaɗan, ciwon ma sai ya ragu. Ni ban da abin saurare, ni na sa aka kashe shi. Azahar ta yi, ban sani ba ko mai doki ya same shi. Hadari ya haɗu, na ce ko kwazazzabo ya cika ya tare shi, ko ya zame ya faɗa. Na yi kuka, kuma ba duka na ƙafa ba ne. Ina cikin share hawaye na ji murya a kaina:

"Wa yak kashe man taubashiya ban nan?"

Ya jiƙe sharkaf, taɓo har gwiwa. Na ce, "Don Allah mi yah hana ka yi ko ɗan motsi in san ka taho?"

"Ke kik kai ƙara, Habsu."

Ya sa mata biyu suka danne ni, ya kama ƙafar ya ja. Ihun da na yi, an ce har bisa dutse an ji. Ya dakata, ya karkata kai yana saurare.

"Awo, shi na! Muryat tak koma nan ashe. To wagga wa za mu kai ma ƙara?"

Yana ɗaure karan, na kama gefen rigarsa na ce, ba da wasa ba, "Nomau, mai da kukan."

Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ya bar ƙura ta taru, birki ya yi shiru. Ya daina wankewa, shiru. Aka ce ya mayar da tsofaffin fatun, ya ce ko gari zai tashi ba ya sa abin da ba ya kamawa. Aikin Isuhu ya yi kyau fiye da kima. Ina zaune ƙofar gida da sandata, wata la'asar, sai muka ji daga kan dutse:

"Ƙiiiiiiiii!"

Kaji suka watse. Amma kukan ya ɗan yi kauri, kuma a tsakiya ya tsaya ya yi tari. Muka duba. Ga Nomau tsaye bisa moto, riga cike da iska, baki a wangame, shi ke yi da bakinsa! Ya ja numfashi ya sake, har bakin rijiya. Maigari ya aika a kira shi.

"Ranka shi daɗe, birki kah hana. Ba ka ce komi ba bisa bakina."

Maigari ya yi dariya har rawani ya kwance, ya ce a ƙyale shi. Jakina ma bai damu ba, ya san muryar.

Haka ya yi ta yi shekara da shekaru, da gemu fari fat, duk saukowa sai ya yi. In akwai wanda ya karye yana jira a gari, tun daga can ƙoli yake farawa, ya ja shi da tsawo don a ji da wuri. A shekarunsa na ƙarshe muryar ta dushe, sai ka kasa kunne sosai kake ji, amma muna ji. Ranar da ya kwanta ciwon da bai tashi ba, na je gaishe shi, na ce ya tashi mana, gari ya yi shiru da yawa. Ya ce in kai ƙara.

Ƙafata ta warke miƙe, da ita nake zuwa rijiya har yau. In la'asar ta yi nakan tsinci kaina na dakata da guga a hannu, kunnena na kan dutse.

Allah ya jiƙan Nomau. Yadda ya yi ta gaggawa zuwa ga masu ciwo, Allah ya gaggauta masa da rahama. Ya yafe masa tulunan, ni na yafe tuntuni, shi ma Allah ya sa ya yafe mini man shanun. Amin.